Daga gwajin aure zuwa layin karɓar magani: matakan da na bi bayan an same ni da HIV a Kano

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, duk mai shirin aure a Jihar Kano sai ya kawo takardar asibiti da ke nuna an duba shi a kan HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da kuma rukunin jinin da ke nuna sikila. Yawancinmu muna zuwa gwajin nan ne da zuciya ɗaya, a biya kuɗi, a karɓi takarda, a kai wa waliyyi. Ba mai gaya maka abin da zai biyo baya idan takardar ba ta fito yadda ake so ba. Tawa ba ta fito yadda ake so ba. A makonnin farko, rashin sanin ƙofar da zan nufa da abin da za a tambaye ni shi ya fi wahalar da ni, domin a lokacin ko ciwon kai ba na yi. Shi ya sa na rubuta abin da na tarar daki-daki, ko wata za ta huta da ruɗewar da na sha.

Ni bazawara ce, ina ɗinki a gida, 'ya'yana biyu. Mijina ya rasu shekarun baya bayan doguwar jinya, ga tari, ga rama, ga zazzaɓin dare. Wasu suka ce taifod ne, wasu suka ce sammu, aka yi ta rubutu da hayaƙi da ƙarin ruwa a kemis har Allah ya karɓi abinsa. In ma an taɓa yi masa gwajin jini, ni dai ba a gaya mini ba. Na gama takaba, na koma gidanmu, na ci gaba da harkokina lafiya lau. Wannan ba abin mamaki ba ne, kamar yadda aka yi mini bayani daga baya, mutum yana iya ɗaukar shekaru da ƙwayar cutar a jikinsa ba tare da wata alama ba. Samun HIV daban, kaiwa matakin ƙanjamau daban. Sai garkuwar jiki ta karye sosai cututtuka sun fara shigowa ake cewa an kai can.

A daminar 2024 wani bawan Allah ya fito neman aurena, zan kira shi Malam. Manya suka yi magana, aka sa rana, muka tafi wani asibitin gwamnati tare don gwaji. A wajen biyan kuɗi aka ce gwajin HIV kyauta ne, amma na hanta da na sikila da ita kanta takardar shaidar sai an biya, 'yan dubbai ne ga kowannenmu, Malam ya biya. Aka tsaga mana ɗan yatsa, aka ɗiga jinin a kan wani siririn abin gwaji, aka ce mu jira a benci kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Shi aka fara kira, bai daɗe ba ya fito da takardarsa. Da aka kira ni, ma'aikaciyar ta tura ƙofa ta rufe, ta ce za ta sake ɗiban jinina da wani abin gwajin daban. A nan gabana ya fara faɗuwa. Ta ce ƙa'ida ce, ba a yanke wa mutum hukunci da gwaji ɗaya. Na farkon, wanda suke kira Determine, na tacewa ne. In ya nuna layi biyu, wato alamar akwai cutar, sai a tabbatar da wani na kamfani daban, in kuma suka saɓa a kawo na uku. Nawa duka layi biyu suka nuna.

Ba zan iya kawo duk abin da ta faɗa bayan nan ba, kunnena ya toshe. Abin da na riƙe shi ne ta ce, "Hajiya, ba wanda zan gaya wa, har shi wanda kuka zo tare, sai da izininki." Ta cika alkawari. Amma ku duba halin da nake ciki: mutum yana zaune a waje da takardarsa a hannu, yana jiran in fito da tawa mu wuce. Sirrin da doka ta ba ni ba shi da wani amfani a kan bencin nan. Na fito na ce masa akwai gwaji ɗaya da za a maimaita, ya kalle ni bai ce komai ba, muka hau Adaidaita Sahu kowa ya yi shiru har gida.

Kafin in fito, ma'aikaciyar ta so ta raka ni sashen da ake ba da magani a asibitin nan take. Na ce mata a'a, unguwarmu ce, rabin masu sharar wurin sun san gidanmu. Ba ta musa ba, ta rubuta mini 'yar takardar turawa, ta ce ina da damar yin rajista a duk asibitin da na ga dama. A Kano manyan asibitoci irin su Asibitin Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala da Asibitin Zana duk suna wannan aiki, haka ma ƙananan asibitoci da dama a ƙananan hukumomi. Ni wani matsakaici na zaɓa a ɗaya gefen gari. Sai dai mai zaɓe ta yi lissafi da kyau. Wannan zirga-zirga ce ta shekaru, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da yake. Na ga mata da suke zuwa daga wata ƙaramar hukuma mai nisa don gudun idon sani, ranar da babu kuɗin mota sai su fasa zuwa.

Ranar rajista na fita bayan asuba, na isa wajen ƙarfe bakwai, na tarar da mutane sun riga ni. Ba wani allo da aka rubuta ƙanjamau a jiki, kuma ba sai kin yi wa mai gadi bayani ba. Ɗakin kati za ki nufa ki miƙa takardar turawa, su suka san inda za su nuna miki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne an sake yi mini gwajin daga farko. Har na ɗan sa rai, na ce ko kuskure aka yi a can. Sistar ta ce kada in ɗora zuciyata a kai, ana maimaitawa ne ga kowa kafin a fara magani, don kada a ɗora wa mutum maganin har abada a kan kuskuren rubutu ko musayar jini. Sakamakon bai sauya ba.

Daga nan aka buɗe mini fayil, aka ba ni lamba da ƙaramin kati. Tambayoyin suna da yawa: suna, shekaru, lambar waya, unguwa, da kwatancen gida har da masallaci ko shagon da ke kusa. Na tsaya a kan kwatancen, na ce me za a yi da shi. Aka ce in mutum ya daina zuwa, akwai masu bibiya da ke kiran waya, in ba a same shi ba a je gida. Na ce ni a kira ni kawai, kada kowa ya zo gidanmu, aka rubuta hakan a fayil. Ana yarda da wannan, amma sai kin buɗe baki kin faɗa. Suka nemi sunan mutum ɗaya da zai riƙa tallafa mini a kan shan magani, na ce ban gaya wa kowa ba tukuna, aka bar gurbin. Sannan na dangwala yatsuna a wata na'ura, wadda ke hana mutum ɗaya yin rajista a wuri biyu. Ba a nemi katin ɗan ƙasa ko takardar ƙaramar hukuma ba. Abin da na biya a wannan matakin kuɗin kati ne kawai, bai taka kara ya karya ba.

Sai layin awo. An auna nauyina da hawan jini, aka yi mini tambayoyi huɗu da har yau ake maimaita mini duk zuwa: kina tari, kina zazzaɓi, kina gumin dare, kina ramewa? Tarin fuka ake nema, domin shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV. Wanda ya amsa da e, sai a ba shi 'yar roba ya kawo majina a gwada a na'urar GeneXpert, kyauta. Aka ɗebi jinina a hannu don awon CD4, wato ƙidayar sojojin jiki. Wanda nasa ya gaza 200 ana ɗaukarsa a matsayin wanda cutar ta yi nisa, sai a ƙara masa gwajin fitsari na tarin fuka da na jini don wani nau'in sanƙarau. Nawa ya haura haka da nisa. Likita ya duba ni, ya tambayi yadda mijina ya rasu, ya tambayi ko ina da ciki, ya rubuta gwajin ƙoda da na yawan jini. Waɗannan biyun na biya da kuɗina. Don haka in an ce miki komai kyauta ne, a fahimta: gwajin HIV, maganin, awon CD4 da awon yawan ƙwayar cuta su ne kyauta. Kati, wasu gwaje-gwajen, da maganin wata rashin lafiyar daban kamar maleriya, a wurinmu dai aljihunki ne.

Ɗakin da na fi daɗewa shi ne na mai ba da shawara kan shan magani, kuma shi ya fi amfani. Matar ba nas ba ce, ita ma mai shan maganin ce, ta faɗa mini da bakinta tun kafin in zauna sosai. Na yi ta kallonta, jikinta mulmul, tana ta amsa waya tana faɗa da ɗanta a kan kuɗin makaranta. Ganinta ya yi mini abin da bayanin likita bai yi ba. Ta ce da can sai an jira garkuwar mutum ta faɗi kafin a ba shi magani, amma tun 2016 tsarin ƙasa ya koma da an gano a fara, in da hali a ranar. Ta nuna mini ƙwayar, guda ɗaya tak a rana, ana kiranta TLD, magani uku ne a haɗe: tenofobir, lamibudin da dolutegrabir. Ta ce in zaɓi lokacin da ba zan manta ba. Ta ja mini kunne a kan maganin ƙarin jini, na ƙarfin ƙashi, da farin ruwan maganin gyambon ciki, domin suna hana dolutegrabir shiga jiki yadda ya kamata. In dole ne, a sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Ta ce in na manta na tuna a ranar in sha, amma kada in haɗa biyu washegari.

A tagar ɗakin magani aka ba ni kwalba ta wata ɗaya da Seftirin, maganin kariya daga wasu cututtuka, aka rubuta ranar dawowa a katina. La'asar ta kusa lokacin da na fito, ban ci komai ba tun safe. Mai zuwa ranar farko ta tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, ta kuma ajiye duk wani aiki na ranar. Wani ƙaramin abu da ba wanda ya gaya mini: kwalbar tana ƙara a jaka. A layi na ga mata suna juye nasu a leda, amma mai ba da maganin ya hana, ya ce akwai ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi a cikin kwalbar, kuma zafi da laima suna lalata ƙwayar. Na cusa auduga mai tsabta a ciki, ƙarar ta mutu.

Da daddare na fara sha, sai barci ya ƙaurace mini, ga ɗan ciwon kai da tashin zuciya. Da na koma na faɗa, aka ce in mayar da shi safe, na ɗaure shi da sallar asuba, ina sallamewa sai in haɗiye. Cikin 'yan makonni komai ya lafa. A zuwa na biyu aka ƙara mini isoniyazid, maganin rigakafin tarin fuka na wata shida, tare da ƙwayar bitamin da ke hana jin tsira-tsira a ƙafa. Wannan ya fi TLD gundura ta, amma yana da ranar ƙarewa.

Maganar aure kuma tana nan tana jira, an sa rana, ana ta tambayar takarda. Yayana na fara samu, shi ne waliyyina. Na ce, "Yaya, gwajin nan bai yi kyau ba, abin da ya kashe baban yara ne, kuma na fara magani." Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Inna ta sani?" Na ce a'a. Ya ce, "To a bar ta tukuna, hawan jininta ya ishe ta. Shi kuma mutumin nan haƙƙinsa ne ya sani, amma ba a zaure za a gaya masa ba." Sunan Yaya aka sa a gurbin nan da aka bari a fayil. Malam kuwa na roƙe shi ya raka ni asibiti, aka gaya masa a gaban mai ba da shawara. Ta yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye: akwai ma'aurata da yawa a wurin da ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita, matar da maganinta ya danne ƙwayar har ba a iya ganinta a awo ba ta sa wa mijinta, kafin a kai nan akwai kwaroron roba da ƙwayar rigakafi da shi zai riƙa sha, kuma ana haihuwar 'ya'ya lafiya in uwa tana kan magani, a ba jariri nasa na ruwa na makonnin farko, a gwada shi a sati shida. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayoyi masu hankali, ya ce a ba shi lokaci ya yi istihara. Daga baya ya aiko wa Yaya cewa ya janye. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Amma har yau ban ji maganar a bakin kowa ba, kuma wannan ba ƙaramin mutunci ba ne. 'Yan unguwa suka yanke wa kansu cewa jininmu ne bai haɗu ba, wato sikila, ni kuma ban gyara musu ba.

Abin da ya fi kwana da ni a rai shi ne yara. Tun ranar rajista aka ce in kawo su, duk ɗan da uwarsa ke da ita ana so a gwada shi ko da lafiyarsa ƙalau. Tun da duk sun wuce wata goma sha takwas, gwajin ɗan yatsa ya wadatar. Jarirai ne ake yi wa wani daban, saboda sojojin jikin uwa suna nan a jininsu. Na ce musu gwajin maleriya ne. Wannan jiran na minti ashirin ya fi nawa tsawo. Duka biyun layi ɗaya. Na zauna a ƙasa a ɗakin, Sista ta bar ni har na gama.

Sai batun abokiyar zamana. Mu biyu marigayi ya bari, kuma ita ta riga ta yi wani auren a wani gari, har ta haihu. Ba mu rabu da daɗi ba, ba ma gaisawa sai a biki ko rasuwa. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, ga miji, ga jariri a hannu, ga wata matar a gidan. Na rasa ta inda zan fara. Ashe asibiti suna da hanya: ko ki gaya wa mutum da kanki, ko ku zo tare a gaya masa, ko ki ba da lambar waya su kira ba tare da ambaton sunanki ba, su ce ana gayyatarsa gwajin lafiya kyauta a asibiti mafi kusa. Ta ukun na zaɓa. Ba su gaya mini sakamakonta ba, kuma ba za su gaya mini ba, kamar yadda ba su gaya mata nawa ba. Abin da aka ce mini kawai shi ne an same ta, ta je.

Bayan watannin farko, da suka ga ba na saɓa rana, aka koma ba ni maganin wata uku a tashi ɗaya, wasu da suka daɗe har na wata shida ake ba su. Ba kullum abin ke tafiya sumul ba. Akwai ranar da fayil ɗina ya ɓata na wuni a benci, waɗanda suka zo bayana duk suka tafi. Akwai wani ma'aikaci da ke ƙwala kiran cikakken sunan mutum a baranda, alhali lamba aka ba mu don kauce wa haka. Tun daga ranar ɓatan fayil na rubuta lambata a waya da kuma bangon littafin awon ɗinkina, domin da lambar ake nemo mutum a kwamfuta. Idon sanin da na tsallaka gari don gudunsa kuwa, sai da na haɗu da shi: wata mata da nake yi wa ɗinkin sallah, a layi ɗaya. Muka gaisa, ta tambayi yara, na tambayi nata. Har yau tana kawo ɗinki, ba wadda ta taɓa tayar da zancen.

Ita mai ba da shawarar ce ta ja ni taron ƙungiyar masu ɗauke da cutar, reshen NEPWHAN, da ake yi wata-wata. Na je da ƙyar, amma a can na koyi abin da ba a faɗa a ɗakin likita. Akwai dattijuwar da ta fara magani tun zamanin Obasanjo, kafin gwamnati ta mayar da shi kyauta a 2006, lokacin da ake saye kuma ake shan ƙwayoyi safe da yamma. Yanzu jikokinta take goyo. Wasu suna ba da labarin maganin da aka sha kafin TLD, mai sa jiri da munanan mafarkai. A can kuma na ji yadda masu maganin gargajiya na lasifika suke cin kasuwarsu. Mutum yana shan na asibiti, ya haɗa da nasu, awo ya nuna ba a ga ƙwayar ba, sai su ce aikinsu ne, ya warke, ya ajiye ƙwaya. Cikin makonni cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo ta fi ƙarfin maganin farko. Kusan kowa a taron ya san wani da aka binne ta wannan hanya. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, ni ma ina yi. Ajiye ƙwayar ne kisa.

A ƙarshen Janairun 2025 hankalin kowa ya tashi, da Shugaba Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje. Sai a lokacin da yawanmu muka san cewa kaso mai yawa na maganin nan da albashin masu bibiyarmu daga shirin PEPFAR yake fitowa, wanda George Bush ya kafa a 2003, da kuma asusun Global Fund. Saƙonni suka cika WhatsApp cewa za a fara sayarwa, layi ya cika da waɗanda ranarsu ba ta yi ba. A wurinmu ba a daina ba da magani ba, amma kiran tunatarwa ya tsaya na wani lokaci, wasu fuskokin da muka saba gani ba mu ƙara ganinsu ba. A watan Fabrairu majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen ƙunshin magani 150,000. An gode, amma binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, kowa ya yi lissafi da kansa. Abin da mai ba da magani ya yi ta nanatawa a lokacin shi ne kada wanda ya raba ƙwaya biyu ko ya riƙa tsallake rana don ta daɗe, domin haka ne ke koya wa cutar jure magani.

Cikin wannan ruɗani na cika wata shida, aka ɗebi jinina don awon yawan ƙwayar cuta. Ba a wurin ake yi ba, ana tura jinin babban ɗakin gwaji, sakamakon ya ɗauki makonni. Ba wanda ya kira ni. Da na koma na tambaya, ashe yana cikin fayil tuni. A tsarin da ake bi, ƙasa da 1,000 yana nufin magani yana aiki. In ya haura, ba a sauya magani nan take, sai an yi wata uku ana zama da mutum a gano abin da ke hana shi sha daidai, a sake awo, in bai sauka ba sai a koma rukunin magani na biyu. Nawa an rubuta ba a gano ba. Likitan ya ce, "Hajiya, ba warkewa ba ce, in aka tsaga yatsanki yau layi biyu zai nuna. Amma in kika riƙe haka, tsufa ne zai kai ki." A ranar aka tura ni awon bakin mahaifa, domin sankarar wurin ta fi kama mata masu HIV. Azumi ya kama a farkon Maris, ban sha wahala ba, na matso da ƙwayar daga bayan asuba zuwa lokacin sahur. Masu sha da rana ana mayar da su bayan buɗa-baki, amma a tambaya tun cikin Sha'aban.

Da za a tambaye ni, abu na farko da zan ce wa duk mai shirin aure, musamman bazawara ko wanda matarsa ta rasu, shi ne ya je shi kaɗai ya gwada kansa tun kafin manya su shiga magana. Kyauta ne a asibitin gwamnati, akwai ma abin gwajin kai na OraQuick da ake gogawa a dasashi, ko da yake in ya nuna alama sai an je asibiti an tabbatar. Wanda ya san matsayinsa shi ke zaɓar lokaci da wurin da zai faɗa, da wanda zai faɗa wa. Gwajin dole na gab da ɗaurin aure yana kare wanda za a aura, wannan gaskiya ne, amma ba ya ba mai sakamakon sarari ko na numfashi. Kuma wanda ya san ya shiga haɗari kwanan nan, layi ɗaya bai isa ba, ya maimaita bayan wata uku, domin gwajin ɗan yatsa ba ya kama sabuwar shiga.

Na biyu, kada takardar turawa ta kwana da yawa a jaka. Masu zuwa a ɗauke, waɗanda nake gani ana shigowa da su a keken marasa lafiya, da yawansu an gaya musu tun shekarun baya suka tafi gida suka yi shiru, kuma maza sun fi yawa a cikinsu, ga shi a layin karɓar magani mata ne suka cika benci. A riƙa tambaya kuma: nawa ne CD4 ɗina, yaushe ne awona na gaba, sakamakon ya dawo? Ma'aikatan sun yi kaɗan, mutane sun yi yawa, wanda ya yi shiru sai a ɗauka ya sani. Duk likita ko mai kemis da zai rubuta miki wani magani, ki gaya masa abin da kike sha. Maganin da ake ba wanda ya kamu da tarin fuka, alal misali, yana sa a ƙara wa mutum dolutegrabir na biyu da yamma. A san kuma akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta, ko tona matsayinsa, saboda HIV.

Mai tafiya ta lissafa ƙwayoyinta kafin ta tashi, in ba za su kai ba ta je kafin ranarta ta faɗa, ana ƙara mata. In ƙaura ce gaba ɗaya, ko aure ya kai ta wani gari, ta nemi takardar sauya asibiti mai ɗauke da lambarta, irin maganin da take sha da sakamakon awonta na ƙarshe. Kada ta je sabon wuri ta ce yau ta fara, na'urar yatsa za ta nuna tana da fayil, kuma likitan can yana buƙatar tarihin don ya san inda zai ɗora.